Kunya a Matsayin Dabarar Wasa: Nazarin Rawar da Fati Muhammad ta Taka a Fim ɗin Sangaya

1.0 Gabatarwa

Abin da wannan takarda za ta duba ƙarami ne in aka gwada shi da manyan batutuwan da aka saba kawowa a irin wannan taro. Magana ce a kan yarinya ɗaya a cikin fim ɗaya, watau Fati Muhammad a matsayin Zubaina, a cikin fim ɗin Sangaya.

Dalilin da ya sa na zaɓi wannan batu shi ne wani giɓi da nake gani a cikin nazarinmu. Tun daga taron da aka yi a Kano a 2003 a kan finafinan bidiyo na Hausa, wanda Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Umar Faruk Jibril suka tattara takardunsa aka buga a 2004, an yi rubuce-rubuce masu yawa a kan fim ɗin Hausa. An duba jigo, an duba kasuwanci, an duba tasirin Indiya, an kuma duba matsayin addini. Amma a iya karatuna, da wuya ka ga an zauna an tambaya, shin wance ta iya wasa kuwa? In ta iya, me ta yi da ya nuna iyawar? 'Yar wasa takan shigo cikin takardunmu ne ta ƙofa biyu: ko dai a matsayin misalin lalacewar tarbiyya, ko kuwa a matsayin wadda aka zalunta. Ta ƙofar sana'arta ba mu cika shigo da ita ba. Wannan kuwa rashin adalci ne, don ba ma yi wa makaɗi ko marubucin waƙa haka. Shi mukan auna aikinsa tukuna, sa'an nan in da hali mu taɓo rayuwarsa.

2.0 Fim ɗin da Zamaninsa

Ba sai na tsawaita a kan tarihi ba, don yawancinku kun fi ni saninsa. Kafin bidiyo an yi fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Shi kuwa fim ɗin bidiyo, galibi akan ɗora farkonsa a kan Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano, a 1990. Cikin shekara goma da suka biyo baya sana'ar ta bunƙasa, har aka sami mujallu masu bin labarinta, kamar Tauraruwa da kuma Fim, wadda Ibrahim Sheme ya fara bugawa a 1999.

Sangaya ya fito ne dab da ƙarshen waɗannan shekaru goma, daga kamfanin Sarauniya na Kano, kuma Aminu Muhammad Sabo ne ya ba da umarni. Manazarta sun yi ittifaƙi a kan cewa kiɗansa da rawarsa su ne suka ɗaga shi. An yi kiɗan da abin da muke kira fiyano, amma an nemo amo mai kama da na kayan kiɗanmu na gargajiya, saboda haka kunnen Bahaushe bai ji shi baƙo ƙwarai ba. Bayan Sangaya ne 'yan kasuwa suka tabbatar wa kansu cewa waƙa da rawa su ke sayar da kaset, har ya zamana wani lokaci waƙar ake fara tanada, daga baya a nemo labarin da za a rataya ta a jikinsa.

Labarin kansa ba mai sarƙaƙiya ba ne. A gidan sarauta ake, inda Maina, ɗan sarki (Ali Nuhu ne ya fito a haka), yake wulaƙanta Zubaina mai aikin gidan. Daga baya al'amari ya juya, mai wulaƙanci ya koma mai nema, alhali ga 'yar dangi mai jinin sarauta, wadda marigayiya Hauwa Maina ta fito a matsayinta. Duk wanda ya taɓa zama gaban kakarsa da dare ya san wannan zubi. Tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa ce aka sa mata rawani da alkyabba: wadda aka raina ta yi haƙuri, ƙarshe ɗan sarki ya zama nata.

3.0 Inda Na Kalle Shi

Ya kamata in faɗi inda na tsaya na yi kallo, don wurin tsayuwar mai kallo yana da hannu a cikin abin da ya gani. Na fara ganin Sangaya a Birnin Kudu, a wani gidan kallo irin na wancan lokaci: benci, da talabijin ɗaya a kan tebur, da ƙarar janareta a bayan katanga. Samari ne suka cika wurin. Su kam waƙar suke jira. Da an shiga zance sai surutu ya tashi, da kiɗa ya faso kuma sai wuri ya ɗauka.

Gani na biyu a Gwaram ne, a cikin gida, lokacin wani biki na danginmu, inda aka jawo talabijin tsakar gida don mata. Nan ne na lura da abin da ya haifi wannan takarda. Wuraren da samarin Birnin Kudu suke surutu, nan matan suka fi yin tsit. Idanunsu na kan Zubaina lokacin da ake mata faɗa ba ta ce komai ba. Wata dattijuwa a cikinsu har tsaki take yi a madadinta. Sai na gane ashe fim biyu ne a cikin kaset ɗaya, kuma mu masu nazari na samarin muka ɗauka muka yi ta rubutu a kansa.

Wannan ba abin mamaki ba ne in aka tuna cewa a wancan zamani mace mai mutunci ba ta shiga silima a ƙasar Hausa. Gidajen silima na Kano, irin su Plaza da Marhaba da Eldorado, wuraren maza ne a lokacin, kamar yadda Brian Larkin ya yi bayani a cikin nazarinsa na silima a Kano. Garuruwa irin namu na kudancin Jigawa kuwa, kaset ne ya kai wa matan aure fim har cikin ɗaka. Saboda haka 'yar wasan da ta fito a wannan zamani ta sami alƙalan da ba a taɓa samu ba, mata waɗanda suka san zaman haƙuri ciki da waje, waɗanda ba a yi musu ƙaryar sunkuyar da kai.

4.0 Wasa da Abin da Aka Hana Ka Faɗa

To, mene ne wahalar fitowa a Zubaina? Wahalar ita ce an ɗaure ta ta fuska uku. Mace ce budurwa, saboda haka al'ada ba ta yarda ta furta so ko ƙi a fili ba. Mai aiki ce, saboda haka ba ta da bakin mayar wa ɗan sarki magana. Yarinya ce, saboda haka ko ido bai kamata ta haɗa da na gaba da ita ba. Kayan aikin ɗan wasa kuwa su ne murya da ido da hannu. In an karɓe waɗannan, me ya rage?

Yawancin 'yan matan da suka fito a irin wannan matsayi sukan bi ɗayan hanyoyi biyu. Wasu sukan sunkuyar da kai su tsaya kamar an dasa su, suna jiran abokin wasa ya gama nasa su faɗi nasu. Wannan ba kunya ba ce, rashin abin yi ne, kuma mai kallo yana ganewa. Wasu kuma sukan yar da kunyar gaba ɗaya, su yi ta hararar ɗan sarki suna murguɗa baki, abin da zai ba da dariya amma ya kashe labarin, don kuyangar da ke iya yin haka ba ta cikin wani haɗari da za a ji tausayinta.

A ganina, abin da Fati Muhammad ta yi shi ne ta ɗauki kunyar a matsayin aiki, ba a matsayin hutu ba. Bahaushe ya san kunya iri-iri ce. Akwai ta tsoro, akwai ta ladabi, akwai kawaici wanda mutum yake yi alhali ya ji zafi, akwai kuma kunyar budurwa a gaban wanda take so, wadda rabinta jan aji ne. A waje duk kamanninsu ɗaya: kai a ƙasa, murya a ƙasa. Bambancin yana cikin abubuwa ƙanana, kamar tsawon shirun da aka yi kafin a amsa, da saurin ɗago ido da mayar da shi, da abin da hannu yake yi da bakin mayafi, da yadda aka juya aka bar wurin. Zubainar farkon fim da ta ƙarshensa duka kansu a sunkuye yake, amma mai kallo ba ya rikita su. Ta farko tana ɓoye ɓacin rai ne, ta biyu tana ɓoye farin ciki. Wanda ya iya nuna wannan bambanci ba tare da marubuci ya ba shi kalma ko ɗaya ba, lalle ya iya wasa.

Akwai kuma batun sauraro, wanda ba mu cika kula da shi ba. Ɗan wasa mai rauni yakan mutu da zarar ya rufe baki. Ita kuwa, lokacin da Maina yake magana fuskarta tana karɓar maganar, har kana iya sanin kalmar da ta fi yi mata ciwo. Wannan ya taimaki abokin wasanta ƙwarai. Girman kan ɗan sarki ba ya fitowa daga tsawarsa kaɗai, yana fitowa daga yadda tsawar ta sauka a kan wanda aka yi wa. Ali Nuhu ya zama babban tauraro bayan wannan fim, kuma ya cancanta, amma wani kaso na kwarjinin Maina a fuskar Zubaina aka gina shi.

Wani zai ce, ai wannan ba gwaninta ba ce, halinta ne kawai, yarinya ce mai sanyi aka sa ta a gaban na'ura. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, don a wancan lokaci babu makarantar koyon wasan fim da 'yan wasanmu suke fitowa daga cikinta, kuma masu shiri sukan zaɓi mutum ne saboda kamanninsa. Amma wanda ya taɓa tsayawa a gaban na'urar ɗaukar hoto ya san cewa abu na farko da take ƙwace wa mutum shi ne halinsa na yau da kullum. Mai surutu yakan daskare, mai natsuwa yakan rikice. Kafin mutum ya fito da natsuwarsa yadda take, a gaban taron ma'aikata, a kuma maimaita abu ɗaya sau da yawa, sai da lura da iko a kan jiki. In ma mun ƙi kiran wannan gwaninta, to sai mu nemo masa wani suna, amma ba za mu ce ba komai ba ne.

5.0 Jiki Nata, Murya ta Wata

Sai batun waƙa, wanda nan ne gardama ta fi yawa. A tsarin da muka aro daga Indiya, ba ɗan wasa ne yake rera waƙa ba. Mawaƙa dabam ne suke shiga ɗakin ɗaukar murya, irin su Misbahu M. Ahmad da Rabi Mustapha a wancan zamani, sa'an nan 'yan wasa su bi da baki a gaban na'ura. Saboda haka wasu sukan ce babu abin yabo ga 'yar wasa a cikin waƙa, tun da muryar ba tata ba ce.

Ni kuwa ina ganin nan ne aikin ya fi wuya. Yarinyar da muka gani ɗazu ba ta iya ɗaga ido, ita ce yanzu za ta tsaya a fili tana rausaya tana amsa wa namiji baiti da baiti. In ba a yi hattara ba sai su zama mutum biyu, kuma a finafinai da yawa na bayan Sangaya haka ɗin ya faru: da kiɗa ya tashi sai tauraruwar labari ta ɓace, wata mai rawa ta maye gurbinta, in an gama a dawo da ta farko. Abin da ya tsare Zubaina daga wannan shi ne ma'auni. Rawarta ba ta wuce abin da za a yarda yarinya irinta ta yi ba. Motsin yana kafaɗa da hannu da taku, murmushin yana zuwa yana komawa, kuma ko a tsakiyar waƙa ana ganin saurar kunyar nan.

Kuma kada mu manta, al'adarmu da kanta ta tanadi irin wannan wuri. Yarinyar da ba ta iya ambaton sunan saurayinta a gaban uwarta, ita ce da dare a dandali take shiga gaɗa, ta ba da waƙa ƙawaye suna amshi suna tafi, ta faɗi abin da ke ranta kowa yana ji, ba kuwa wanda zai ce ta yi rashin kunya. Waƙa rumfa ce da aka yarda a faɗi abin da ba a faɗa a rana. Matan da na zauna da su a Gwaram duk sun yi gaɗa a zamaninsu, shi ya sa ba su ga saɓani tsakanin Zubaina mai shiru da Zubaina mai waƙa ba. Abin da yake baƙo a cikin fim shi ne tsayuwar namiji a cikin da'irar, don gaɗa ta mata ce zalla. Wannan kuwa shi ne abin da malamai suka fi suka, kuma yana cikin abubuwan da aka fi sa wa ido bayan da aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001.

6.0 Kuyanga Biyu

Don a ƙara fahimtar abin da nake nufi, bari mu ɗan leƙa Indiya. Ba ina cewa Sangaya kwaikwayon wani fim ba ne, kwatanci kawai nake so in yi. A 1960 K. Asif ya fitar da Mughal-e-Azam, labarin Yarima Salim ɗan Sarki Akbar, wanda ya kamu da son Anarkali, mai rawa a fadar ubansa. Dilip Kumar ne Salim, Prithviraj Kapoor ne Akbar, Madhubala kuma ita ce Anarkali. An haife ta a 1933, ta shiga aikin fim ɗin tana da shekara ashirin ko kusa da haka, aikin kuma ya ɗauki shekaru. Tana fama da ciwon zuciya a lokacin, duk da haka sarƙoƙin da aka ɗaure ta da su a wuraren kurkuku na ƙarfen gaske ne. Ta rasu a 1969 tana da shekara 36.

Ita ma muryar waƙoƙinta ba tata ba ce, ta Lata Mangeshkar ce, kiɗan kuma na Naushad. Amma ba wanda ya taɓa cewa saboda haka Madhubala ba ta yi komai ba. Wurin da aka fi tunawa shi ne rawar da ta yi a zauren madubai, inda ta tsaya a gaban Sarki ta bayyana sonta ga ɗansa a cikin waƙa, shi kuwa ya ɗaga kai ya ga surarta ta cika madubin rufi ko'ina. A nan waƙa makami ce, kuyanga ta kalli sarki ido cikin ido.

Zubaina ba ta da wannan dama. Labarin Indiya ya ginu ne a kan fito-na-fito tsakanin so da mulki, namu kuwa ya ginu a kan haƙuri da jiran juyin al'amari. Madhubala ta yi nasara da ɗaga kai, Fati Muhammad da sauke shi. In muka ɗauki ma'aunin ta farko muka auna ta biyu, za mu ce ba ta yi wasa ba, kuma ina tsammanin wannan kuskure ne ya sa da yawa daga cikinmu, da muka tashi da kallon Indiya, ba mu ga abin da ke gabanmu ba. Har ila yau akwai bambancin kayan aiki. Ita Madhubala an tanadar mata haske da gwanayen ɗaukar hoto da shekaru na shiri. Ta Kano kuwa na'urar bidiyo ce da 'yan kwanaki.

7.0 Inda Aka Gaza

Yabon da ba shi da suka ba nazari ba ne. Akwai wuraren da sanyin nan nata yakan zarce ya zama rashin kuzari, musamman inda labari yake bukatar a ga wani ƙuduri a zuciyar Zubaina. Mai kallo ya san abin da take ji, amma ba kullum yake sanin abin da take nufin yi ba. Muryarta a zance ma ba ta kai fuskarta iya canzawa ba, takan zauna a kan amo ɗaya. Sai dai wani ɓangare na laifin na marubuci ne, don an rubuta Zubaina a matsayin wadda abubuwa suke faruwa a kanta, kamar dai 'yar bora ta tatsuniya, kuma 'yar wasa ba ta iya ƙirƙiro abin da ba a ba ta filinsa ba. Wani ɓangaren kuma na masu ɗaukar hoto ne na wancan zamani, waɗanda suka fi son su kafa na'ura nesa su ɗauki kowa da kowa, kamar ana wasa a kan dandamali. Wasan da ya dogara a kan ido yana son a matso kusa.

Akwai kuma abin da ba laifin kowa ba ne shi kaɗai. Ba da daɗewa ba bayan ta yi suna, aure ya ɗauke ta daga fim na wani lokaci, kamar yadda ya saba ɗauke 'yan matan wannan sana'a. Namiji yakan shekara ashirin yana wasa, ya tashi daga saurayi ya koma uba, muna ganin gwanintarsa tana nuna. Mace kuwa galibi 'yan shekarun ƙuruciya kawai muke samu, shi ya sa in za mu yi nazarin wasan mata a fim ɗin Hausa, tilas mu koyi nazarin 'yan mata masu tasowa, don yawancin abin da ke hannunmu ke nan.

Shi ma abin da ke hannun namu yana lalacewa. A kaset aka sayar da Sangaya, kaset kuwa ba ya jure zafi da ƙura. Kwafen da ake samu yanzu a wayoyin hannu da intanet an juye su daga wani zuwa wani har hoton ya dushe. Waƙar tana nan garau, kowa yana iya jin ta. Amma da na sake kallo don shirya wannan takarda, akwai wuraren da na san ta ɗago ido ta mayar, don na gani a Gwaram, sai dai a kwafen da ke gabana fuskar ta zama inuwa. Ina roƙon sassan Hausa na jami'o'inmu, musamman na Bayero da yake a garin da aka yi fim ɗin, su nemi kwafi mai kyau daga hannun masu shi su adana, tun ana iya samu.